Yadda Ake Haɗa Shirin Rok na Gareji, Pank, Gargajiya da Kantiri a Rediyon Al'umma

A Amurka, in ka murɗa rediyo zuwa farkon zangon FM, tsakanin 88 da 92, ka shiga yankin da hukumar sadarwa ta ƙasar, FCC, ta keɓe wa tashoshin da ba na kasuwanci ba. Nan tashoshin al'umma da na jami'o'i suke. Nan ne za ka ji ɗan sa kai ya zo da jakar fayafayansa daga gida, ya sa tsohuwar waƙar mutanen ƙauye ta 1927, tana ƙarewa ya bi ta da ta wasu samari masu ihu da jitar lantarki, kuma kunnenka bai ji an yi masa fashi ba. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka abin da hannu ya kai kawai ake sawa. Ba haka ba ne. Aiki ne mai tsari, kuma ana koyonsa.

Wannan jagora na wanda yake son riƙe irin wannan shiri ne, ko ɗalibi ne da ke karatu a can, ko mazauni. Dokokin da zan ambata na Amurka ne. Dabarun jera waƙa da riƙe makirfo kuwa, duk inda kake za su yi maka aiki.

Mataki na farko: san tashar kafin ka nemi shiga

Rediyon da masu sauraro ke ɗaukar nauyinsa ya faro ne da KPFA a Berkeley, jihar Kalifoniya, a 1949, ƙarƙashin gidauniyar Pacifica da Lewis Hill ya kafa. KBOO ta Portland ta fara a 1968. KEXP ta Seattle ta soma a 1972 a matsayin tashar ɗalibai mai suna KCMU. Amma in kana son makarantar wannan salo, WFMU ce, mai watsawa a 91.1 daga Jersey City. Ta fara a 1958 a kwalejin Upsala, kwalejin ta rufe a 1995, tashar kuwa ta tsaya da ƙafafunta. A can babu mai tsara wa mai shiri abin da zai sa. Tsofaffin shirye-shiryenta da jerin waƙoƙinsu suna nan a shafinta na intanet. Ka ɗauki shiri biyu ko uku, ka saurara da takarda a hannu, duk inda waƙa ta ƙare wata ta shiga ka tambayi kanka me ya haɗa su.

Akwai kuma ƙananan tashoshi da ƙarfinsu bai wuce wat 100 ba, waɗanda FCC ta buɗe wa hanyar neman lasisi a 2000, aka kuma faɗaɗa damarsu da dokar rediyon al'umma ta 2010. Shiga irin waɗannan ya fi sauƙi, don kullum suna neman hannu.

Ba a zuwa yau a ba ka shiri gobe. Za ka fara da aikin sa kai: jera fayafayai a ɗakin ajiya, amsa waya, share situdiyo. Sai horo a kan na'urori da dokoki, sai riƙe wa wani shiri ranar da ba ya nan, sannan ka miƙa wa kwamitin shirye-shirye takardar bayanin naka tare da samfurin da ka naɗa. In an amince, galibi lokacin tsakar dare za a ba ka. Karɓi abinka da hannu biyu. A lokacin ne ake kuskure ba tare da gari duka ya ji ba, kuma masu sauraron dare, direbobi da masu gadi da ma'aikatan asibiti, su ne suka fi kasa kunne.

Mataki na biyu: gane cewa kiɗe-kiɗen nan huɗu dangi ne

In ba ka san asalinsu ba, ba za ka iya haɗa su ba.

Kantiri ya shiga faifai sosai ne a 1927, lokacin da Ralph Peer na kamfanin Victor ya kafa na'urar naɗa sauti a garin Bristol, kan iyakar Tennessee da Virginia, ya ɗauki muryar iyalan Carter da ta Jimmie Rodgers. Tun kafin nan rediyo ke ɗauke da shi, don shirin Grand Ole Opry ya fara a tashar WSM ta Nashville a 1925. Hank Williams ya rasu ranar 1 ga Janairun 1953 yana da shekara 29, ya bar waƙoƙin da har yau 'yan pank ke maimaitawa. A Bakersfield kuma Buck Owens da Merle Haggard suka ƙi laushin kiɗan kantirin Nashville, suka riƙe jitar lantarki mai kaifi.

Kiɗan gargajiya, wanda Amurkawa ke kira folk, ya girmi faifai. Waƙoƙin aiki ne da na coci da na kurkuku da na labarin kisa da ambaliya. John Lomax da ɗansa Alan sun zaga da na'ura suna naɗa wa ɗakin karatu na majalisar dokokin ƙasar. A 1952 Harry Smith ya tattara waƙoƙi 84 daga tsofaffin fayafayan garmaho, kamfanin Folkways ya fitar, kuma daga wannan tarin ne samarin shekarun 1960 suka sha. Banjo da ake jin amonta a nan da cikin kantiri asalinta Afirka ta Yamma ce, bayi ne suka ƙera ta a can bisa kayan kiɗan da suka baro, dangin su gurmi da molo. Kunnen Bahaushe ba baƙo ba ne a wurin.

Rok na gareji na tsakiyar shekarun 1960 ne. Bayan 'yan Beatles da Rolling Stones sun shiga Amurka, samari a ƙananan garuruwa suka sayi jita da ganguna masu araha, suka riƙa atisaye a garejin motar iyayensu. Yawancinsu ƙaramin faifai ɗaya ko biyu suka yi suka watse. The Sonics daga Tacoma, The Seeds daga Los Angeles, 13th Floor Elevators daga Austin, har da Los Saicos can a Lima ta Peru. A 1972 Lenny Kaye ya tattaro wasunsu a faifan Nuggets, wanda ya zama abin koyi ga masu tasowa.

Masu tasowar nan su ne 'yan pank. Faifan Ramones na farko ya fito a 1976 da waƙa 14 cikin ƙasa da rabin awa. Kulob ɗin CBGB na Niyok, inda suka yi suna, Hilly Kristal ya buɗe shi ne a 1973 don kiɗan kantiri da bulus, sai waɗannan yara suka cika shi. Shi kansa Lenny Kaye jita yake kaɗa wa Patti Smith a wannan dandali.

Abin da ya haɗa su duka a bayyane yake: kamun jita uku ko huɗu, kayan aiki masu araha, gajeriyar waƙa, murya da ba a goge ta a makaranta ba, da magana irin ta talaka a kan aiki, bashi, soyayya, giya da mutuwa. Aikinka shi ne ka sa mai sauraro ya ji wannan zumunci da kunnensa, ba tare da ka yi masa lacca ba.

Mataki na uku: tara abin sawa

Fara da ɗakin ajiyar tashar, don a nan akwai abin da kuɗinka ba zai saya ba. Daga nan shagunan tsofaffin fayafayai da kasuwar gwanjo. Tarin waƙoƙin mawaƙa daban-daban ya fi maka amfani a farko: Pebbles da Back from the Grave a ɓangaren gareji, kayan Smithsonian Folkways a ɓangaren gargajiya. Sabbin ƙungiyoyi kuwa shafin intanet na Bandcamp ne kasuwarsu. Kada ka manta da mawaƙan garin da tashar take. Rediyon al'umma da ba ya sa kiɗan unguwarsa ya bar rabin aikinsa.

Kowace waƙa da ka ware, buɗe mata layi a littafi: tsawonta, shekarar fitarta, yadda take farawa, yadda take ƙarewa, da ko akwai zagi a ciki. Farawa da ƙarewa su ne mafi muhimmanci. Wata tana yankewa ne tsaf, wata tana dusashewa a hankali, wata tana barin jita tana gurnani. Wannan littafi shi ne jarinka.

Mataki na huɗu: jera waƙoƙi

Nan ne shirin ke tashi ko ya faɗi, don haka zan daɗe a nan.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne raba awa gida huɗu, kowane kiɗa da nasa kwata. Wannan ba gauraye ba ne, ƙananan shirye-shirye huɗu ne aka jingina da juna, kuma mai son kantiri zai kashe rediyo da zarar kwatansa ya ƙare. Kuskure na biyu kishiyarsa ne: tsalle daga nan zuwa can don a ce kai mai faɗin sani ne. Abin da ake so ya yi kama da hirar dandali, inda kowa ke ɗora maganarsa a kan ta wanda ya gama. Tsakanin kowace waƙa biyu dole a sami dalili ɗaya da za ka iya faɗa in an tambaye ka.

Dalilan suna da yawa. Akwai na kari, wato saurin kiɗa: kiɗan banjo na bulugiras, wani reshen kantiri, yana gudu daidai da pank, in ka jera su sai ƙafar mai sauraro ta ci gaba da bugawa ba ta san an sauya ba. Akwai na amo: hamonika ta rufe waƙar gargajiya, hamonika ta buɗe ta gareji. Akwai na magana: waƙa uku a kan jirgin ƙasa, ko kurkuku, ko mahaƙar kwal, daga zamani uku. Akwai na gari: Memphis kaɗai za ta ba ka awa guda, daga bulus zuwa fayafayan kamfanin Sun zuwa 'yan garejin shekarun 1990. Akwai na waƙa ɗaya a bakin mutum biyu, tsohon da ya fara ta da yaran da suka maimaita bayan shekara hamsin.

Sannan ka san mawaƙan da ke tsaye a kan iyaka, don su ne gadarka. Wanda Jackson ta yi kantiri ta yi rokabili, wato rok na farko-farko mai gaurayen kantiri. Link Wray ya fara da kiɗan kaboyi tare da 'yan uwansa kafin ya huda lasifikar amfilifayarsa don jita ta yi kaushi, a 1958 ya fitar da kiɗan da ba ko kalma ɗaya a ciki amma wasu tashoshi suka ƙi sawa. 'Yan ƙungiyar X ta Los Angeles sun kafa The Knitters don yin kantiri. Mekons daga Leeds ta Ingila sun fara da pank, a 1985 suka rungumi goge. The Pogues a Landan sun haɗa kiɗan gargajiyar Ailan da zafin pank. Uncle Tupelo a 1990 sun sa wa faifansu na farko sunan wata tsohuwar waƙar iyalan Carter.

Ga misalin zubi ɗaya, wato jerin waƙoƙin da ake sawa ba magana a tsakani, na kusan minti ashirin. Buɗe da iyalan Carter, inda Maybelle ke fitar da karin waƙa da babban yatsa a kan tsirkiyoyi masu kaurin amo. Bi ta da Elizabeth Cotten, bahaguwar da ke riƙe jita a juye, don kunne ya zauna a kan yatsu da tsirkiya. Sai Johnny Cash na zamanin Sun, lokacin da babu mai ganga a ƙungiyarsa: lantarki ya shigo amma ɗakin bai cika ba. Link Wray ya ƙara kaushi. Yanzu Sonics za su iya fasa ƙofa, Ramones su bi bayansu. Daga wannan tsauni kada ka faɗo kai tsaye, sauka ta kan X ko Mekons, ka dire a kan Merle Haggard. Waƙa takwas, kusan shekara sittin, babu inda aka fizgi kunne.

Fizgar ma tana da ranarta. Sau ɗaya a shiri, bari waƙar pank mafi hayaniya ta yanke tsaf, ka bar daƙiƙa ɗaya, sai muryar tsohuwa ita kaɗai ba kiɗa. Yana ratsa jiki. In ka yi sau uku ya zama wasa.

Wanda ya tashi a Najeriya yana da abin da abokan aikinsa ba su da shi. Don Williams da Jim Reeves da Dolly Parton sun daɗe a gidajen rediyon ƙasar, don haka kantiri ba sabon abu ba ne gare shi. Ga kuma jitar Abzinawa: Bombino ɗan Agadas ya naɗa faifansa na 2013 a Nashville tare da makaɗin jita Dan Auerbach, Mdou Moctar kuma yana tare da kamfanin Matador, ya ma yi wasa kai tsaye a situdiyon KEXP. Jitarsu tana zama daram kusa da ta 'yan gareji. Sa su don amonsu ya dace da wurin, kada ka sa su a matsayin abin kallo daga nesa.

Mataki na biyar: lissafin agogo

A awa ɗaya, kusan minti 50 ne na kiɗa, sauran na magana da sanarwa. Waƙoƙin nan gajeru ne, minti biyu zuwa uku, don haka awa tana cin wajen waƙa 20. Shirin awa biyu, zo da 60, ka tsara zubin farko da na ƙarshe tsaf, tsakiya ka bar wa kanka sarari. Ajiye kiɗa ɗaya marar waƙa don cike gurbi kafin kan awa, da doguwar waƙa ɗaya ta minti shida ko bakwai don lokacin da na'ura ta ƙi ko kana buƙatar fita.

Mataki na shida: dokokin da za su iya jawo wa tasha tara

A kan kowace awa dole a faɗi harufan tashar, wato sunanta na lasisi irin su WFMU, a bi su nan take da sunan garin da lasisinta yake. WFMU tana Jersey City amma East Orange take faɗa, don can lasisin yake.

Maganar batsa ita ce ta fi shafar mai sa pank. Tun hukuncin kotun ƙoli na 1978 a shari'ar FCC da Pacifica, wadda ta taso daga abin da tashar WBAI ta watsa da rana a 1973, hukuma tana da ikon hukunta tasha. Daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe an sassauta a kan kalaman da ba su dace ba, amma batsa tsagwaronta haram ce kowane lokaci, kuma tashoshi da yawa sun hana duka. Saurari kowace waƙa daga farko har ƙarshe kafin ka sa, kada ka dogara da sunanta. Tsofaffin waƙoƙin gargajiya ma wasu ba su da kunya. A wannan fage har abin da ba a faɗa ba yana tayar da ƙura: hukumar FBI ta taɓa binciken waƙar Kingsmen ta 1963 bisa zargin batsa, ta ƙare ba ta gano abin da mawaƙin ke cewa ba. Ka san inda maɓallin yanke sauti yake tun kafin ka zauna.

Talla babu. Ana gode wa shagon da ya tallafa, a faɗi sunansa da inda yake da abin da yake sayarwa, amma ba a faɗin farashi, ba a yabon kaya, ba a ce wa mutane su je su saya. Karɓar kuɗi ko kyauta a ɓoye don sa waƙa laifi ne.

Kuɗin haƙƙin mallaka tasha ce ke biya, ga ƙungiyoyin ASCAP da BMI da SESAC saboda marubuta waƙa, ga SoundExchange saboda watsawa ta intanet. Naka shi ne rubuta duk abin da ka sa, tashoshi da yawa da manhajar rajistar waƙoƙi ta Spinitron suke yi. Watsawa ta intanet tana da ƙa'ida daga dokar 1998: cikin awa uku, kada ka wuce waƙa uku daga faifai ɗaya, biyu kawai a jere, kada ka wuce huɗu daga mawaƙi ɗaya, uku kawai a jere. Ba a kuma wallafa jerin waƙoƙi kafin a sa su.

Mataki na bakwai: cikin situdiyo

Iso da rabin awa a hannu. Duba allura, goge fayafayai, jera su yadda za su shiga. Ƙaramin faifai yana juyawa 45 a minti, babba 33 da sulusi, kuma mantawa da sauya wannan shi ne abin da ya fi kama sababbi. Don saita waƙa, sa hedifon, ɗora allura, juya faifan da hannu har ka ji sautin farko, sannan ka mayar da shi baya kamar rubu'in zagaye don ya sami gudu kafin sauti ya fito.

Ƙarfin sauti shi ne babbar matsalar shirin gauraye. Naɗin 1927 siriri ne, na bana kuwa an matse shi ya cika taf. In ka bar su a ma'auni ɗaya, tsohon zai ɓace, sabon ya firgita mai tuƙi. Saurari kowace waƙa a hedifon kafin ta fita, ɗaga tsohuwa, sauke sabuwa, idonka a kan ma'aunin sauti, kada ya zauna cikin ja. Ƙarar tsohon faifai kuwa bar ta, tana cikin daɗinsa.

Mataki na takwas: magana

Bayan kowane zubi na waƙa huɗu zuwa takwas, buɗe makirfo ka faɗi abin da aka ji, daga ta ƙarshe ka koma baya, don ita ce ke kunnen mutane. Sunan mawaƙi, sunan waƙa, shekara, gari. Zaɓi waƙa ɗaya ka ba da labarinta cikin jimla biyu ko uku, sauran ka wuce. Yi magana da mutum ɗaya, ba taro ba, kuma da muryarka ta kullum. Koyi furta sunaye kafin ka shiga. Kada ka yi magana a kan muryar mawaƙi.

Masu waya za su nemi waƙa, kamar dai 'yan zaɓi sonka. Karɓa da fara'a, amma ka sa ta inda ta dace, ko da bayan minti ashirin ne. Wani zai kira ya ce ka ɓata masa Hank Williams da hayaniyar yara. Saurare shi, gode masa, gaya masa abin da ke tafe. Mutumin da ya ɗauki waya don ya yi ƙorafi yana sauraro da gaske.

Mataki na tara: bayan an rufe makirfo

Mayar da fayafayan tasha inda ka ɗauko, kammala rajista, bar wa mai shigowa kujera a kan lokaci. Washegari saurari naɗin shirin gaba ɗaya. Ba daɗi jin muryar kai, amma nan za ka ga inda ka yi surutu, inda sauti ya faɗi, da haɗin da ya yi kyau a takarda bai yi a kunne ba. Rubuta haɗi uku da suka zauna da ɗaya da ya ƙi. Ka kuma duba jerin makonni huɗu da suka wuce: in sunaye goma ne ke ta dawowa, ko babu mace ko ɗaya a awa guda, ko babu abin da ya fito a bana, koma ɗakin ajiya.

Sai gangamin neman gudunmawa. WFMU tana yin babban nata na mako biyu kowace shekara, wasu tashoshin sau biyu ko fiye. A wannan lokaci doka ta yarda ka roƙi masu sauraro su taimaki tashar kai tsaye. Faɗa musu abin da kuɗin ke yi: wutar lantarki, hayar hasumiya, kuɗin haƙƙin mallaka, gyaran na'ura. Tanadi zubinka mafi kyau don ranar, ka gajarta shi zuwa waƙa biyu ko uku tsakanin roƙo da roƙo, ka maimaita lambar waya da adireshin shafin a hankali, ka kuma gode wa duk wanda ya bayar da sunansa na farko da garinsa in ya yarda a faɗa.